Barazanar 'Yan Kutse ga Dukiyar 'Yan Kasuwa: Nazari a Kan Talata Mafara da Bakura da Maradun

1.0 Gabatarwa

Tun da aka fara cin kasuwa a ƙasar Hausa ake fama da ɓarayi, kuma tun daga lokacin 'yan kasuwa suke da dabarun tsare dukiyarsu. Akwai kwaɗo da sakata, akwai mai gadi da tocilansa, akwai kuma lalita da ake ɗaurawa a ƙugu. Duk waɗannan dabaru an tanade su ne domin ɓarawon da sai ya tako ƙafa ya zo inda dukiya take kafin ya ɗauke ta. A yau kuwa kaso mai yawa na kuɗin ciniki ya bar aljihu ya koma cikin wayar hannu da asusun banki. Saboda haka sai aka sami wani sabon ɓarawo, wanda yana zaune a wani gari mai nisa zai kwashe jarin mutum tsakanin azahar da la'asar, shago kuwa yana nan a kulle yadda aka bar shi.

Manufar wannan maƙala ita ce ta yi nazarin irin barazanar da wannan sabon ɓarawo yake yi wa ƙananan 'yan kasuwa a Talata Mafara da Bakura da Maradun, cikin Jihar Zamfara, da kuma irin taimakon da suke samu daga masu gyaran waya da kwamfuta. Abin da maƙalar take son tabbatarwa shi ne, yawancin ɓarnar da ake yi ta bakin mai dukiya take shigowa, watau ta hanyar yarda da rashin fahimtar harshen da na'ura take magana da shi. In kuwa haka ne, to, tsaron dukiyar ɗan kasuwa aiki ne da ya shafi masu nazarin harshen Hausa kamar yadda ya shafi masana kwamfuta.

2.0 Yadda Kuɗi Ya Koma Cikin Waya

Waɗannan ƙananan hukumomi uku maƙwabtan juna ne, kuma abin da ya ƙara ɗaure su wuri guda shi ne madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka kammala a 1978 a kan Gulbin Sakkwato. An tsara ta ne domin noman rani na kadada kusan 23,000, kuma filayen sun ratsa ƙasar Maradun da Talata Mafara da Bakura. Daga nan ake samun shinkafa da masara da alkama da kayan miya, waɗanda fatake suke saye su kai wasu jihohi. Ita Talata Mafara tana kan babbar hanyar Gusau zuwa Sakkwato, sunanta ma kansa ya nuna ranar da kasuwarta take ci. Har wa yau a nan ne Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau take, da Jami'ar Jihar Zamfara wadda aka kafa a 2018, ga kuma Kwalejin Aikin Gona da Kiwon Dabbobi a Bakura. Inda ɗalibai suka taru kuwa ba a rasa shagunan buga takardu, da na cike fam ta intanet, da na sayar da kati da gyaran waya.

Kuɗin wannan ciniki ba rana ɗaya ya koma cikin waya ba. A watan Agusta na 2001 aka fara amfani da wayar salula irin ta yanzu a Nijeriya. A 2013 Babban Bankin Nijeriya ya fitar da ƙa'idar wakilan banki, wadda daga baya ta haifar da masu POS da ake gani a kowace tasha da bakin kasuwa. A Fabrairun 2014 aka ƙaddamar da lambar shaida ta banki, watau BVN, wadda take ɗaure duk asusun da mutum yake da shi da hoton yatsunsa. Amma abin da ya tilasta wa ƙaramin ɗan kasuwa shiga wannan harka ko yana so ko ba ya so shi ne canjin kuɗi. A Oktoban 2022 Babban Banki ya ba da sanarwar sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000, sai tsabar kuɗi ta yi ƙaranci ƙwarai a farkon 2023. Abin ya yi tsanani har Jihar Zamfara ta haɗu da Kaduna da Kogi suka kai Gwamnatin Tarayya ƙara Kotun Ƙoli, wadda ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris, 2023 cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin takardun. Kafin wannan hukunci, mai shayi da mahauci da mai sayar da shinkafa a kwano duk sun koyi karɓar taransifa. Sun shiga ne cikin gaggawa, ba wanda ya zaunar da su ya koya musu inda ramukan hanyar suke.

3.0 Amana ta Da da ta Yanzu

Cinikin Bahaushe a kan amana da shaida aka gina shi. Baƙon da ya zo sayen hatsi yakan sauka wurin fatoma, wanda ya san shi, ya san masu kaya, kuma shi zai tsaya masa in wata matsala ta taso. Dillali yana tsakani yana jiran la'adarsa, ana ƙirga kuɗi a gaban mutane, mai kaya ya ce ya sallama, jama'a su shaida. Wanda ya ci amana a irin wannan kasuwa ya zubar da mutuncinsa da na gidansu, domin an san fuskarsa, an san ubansa. Wayar hannu ta zo ta kawar da fuska, ta kawar da shaida, ta bar murya da rubutu kawai, waɗannan biyu kuwa kowa yana iya aronsu.

Masana tsaron kwamfuta sun ce abubuwa uku ake karewa a kowane bayani. Na farko shi ne sirri, watau kada wanda bai kamata ba ya gani. Na biyu shi ne sahihanci, watau kada a sauya shi ko a ƙirƙiro na ƙarya. Na uku shi ne samuwa, watau a same shi a lokacin da ake bukatarsa. Ɗan kasuwar da yake da littafin bashi ya san waɗannan uku tun kafin a zo da kwamfuta: ba ya son abokin hamayya ya leƙa littafin, ba ya son yaron shago ya goge sifiri ɗaya a ciki, ba ya kuma son ya neme shi ranar kasuwa ya rasa. A kan waɗannan ma'aunai uku za a auna ire-iren barazanar da ke tafe.

4.0 Ire-iren Barazana

4.1 Kiran Yaudara

Wannan ita ce hanya mafi sauƙi ga ɗan damfara, kuma sirri take kai wa hari. Zai kira mutum ya ce shi ma'aikacin banki ne, an sami matsala a BVN ɗinsa ko a haɗa layinsa da lambar ɗan ƙasa ta NIN, in bai gyara yanzu ba za a rufe asusun. Tun da gwamnati ta ba da umurnin haɗa layi da NIN a Disambar 2020, kuma an rufe layukan mutane da gaske, maganar takan yi kama da gaskiya. Wani lokaci kuma tallafi ko rancen noma ake yi wa mutum alkawari. Daga nan sai a nemi lambar jikin katinsa, sa'an nan a ce ya karanto lambar da za ta shigo wayarsa yanzu. Wannan lamba ta ƙarshe ita ce mabuɗin da banki ya aiko wa mai asusu domin ya tabbatar shi ne yake fitar da kuɗin, da zarar ya karanta ta kuwa ya miƙa mabuɗin ke nan da hannunsa.

Abin lura ga mai nazarin harshe shi ne, makamin ɗan damfara a nan magana ce. Yakan yi sallama, ya gaisa, ya ce “Alhaji” ko “Hajiya”, ya ambaci sunan Allah. In ya ƙware ma yakan juya harshensa zuwa karin yamma, ya riƙa cewa “munka” da “sunka”, don mai sauraro ya ɗauka ɗan gida ne. Sa'an nan ya haɗa masa da tsoro da gaggawa, don kada ya sami sukunin yin shawara da wani. Ƙa'idar da ba ta da togiya ita ce, banki ba ya kiran mutum ya tambaye shi lambar sirrinsa.

4.2 Alat na Ƙarya

Wannan kuma sahihanci yake ɓatawa. A ɗauka wani baƙo ya saye buhu goma na shinkafa ranar Talata, da yamma, ana hada-hadar lodi. Ya nuna wa mai kaya rasit a fuskar wayarsa, ko kuma saƙo ya shigo wayar mai kayan da sunan bankinsa cewa kuɗi sun shiga. Rasit ɗin hoto ne da aka gyara, saƙon kuwa da wata manhaja aka aiko shi wadda take aron sunan banki. Da yake kowa ya san sabis yakan yi nauyi har kuɗi su yi jinkirin shiga, mai kaya yakan ji kunyar tsare baƙo, sai ya sallame shi. Maganin wannan ɗaya ne: kada kaya su bar rumfa sai mai su ya duba ragowar kuɗin da ke asusunsa da kansa, ta manhajar banki ko ta gajeruwar lambar da ake dannawa, ya ga sun ƙaru. Saƙo da rasit labari ne, gani kuwa ya kori ji.

4.3 Satar Waya da Layi

A yau layin mutum ya fi wayarsa daraja, domin ta kansa banki yake gane shi. Wanda ya sami layin yana iya sa shi cikin wata wayar, ya binciko BVN, ya gano bankunan da aka ɗaura a kansa, ya shiga sayen kati yana tura kuɗi. Ƙarancin wutar lantarki ya ƙara buɗe wannan ƙofa, domin mutane da yawa sukan bar wayarsu awa biyu ko uku a rumfar mai caji, cikin tarin wayoyi, a wurin da kowa yake shiga. Yawancin masu caji mutanen kirki ne masu neman halalinsu, amma ba su da idon da za su tsare kowace waya. Kariyar da ta fi arha ita ce a sa wa layin kansa lambar sirri, ta yadda in an cire shi an sa a wata waya ba zai buɗe ba, in an yi kuskure sau uku ma sai ya kulle. Har ila yau bankuna suna da gajeruwar lamba da ake rufe asusu da ita ta wayar wani. Ya kamata ɗan kasuwa ya tambayi bankinsa tasa, ya rubuta ta a takarda ya ajiye a gida tun kafin ranar bukata.

4.4 Aron Bakin Abokin Ciniki

Ciniki mai yawa tsakanin manoman Bakolori da fatake a kan WhatsApp ake ƙulla shi yanzu: a aika hoton kaya, a yi ciniki, a aika lambar asusu. Ɗan kutse yakan ƙwace WhatsApp ɗin mutum ta hanyar yaudararsa ya faɗi lamba shida da aka aiko masa, sau da yawa da sunan za a sa shi cikin wani taro ko wata ƙungiya. In ya shiga sai ya karanta hirarrakin da ya tarar, ya gane wa ake bi bashi, wa yake shirin biya. Sa'an nan ya rubuta wa mai biyan da sunan mai wayar cewa asusunsa ya sami matsala, a tura kuɗin cikin wannan sabon.

Kada a ɗauka rashin ilmin boko ne kaɗai yake jawo wannan. A 2018 an yaudari babban jami'in kuɗi na kamfanin Unatrac da ke Ingila da wata wasiƙar imel ta ƙarya, ya shigar da kalmar sirrinsa a shafin bogi. Da sunansa aka riƙa aika umurnin biyan kuɗi, har kamfanin ya yi asarar dala miliyan 11 ko kusa da haka. A Fabrairun 2021 wata kotu a Amurka ta ɗaure ɗan Nijeriya Obinwanne Okeke shekara goma saboda wannan laifi. Dabarar da ta ci wancan kamfani ita ce take cin mai buhu hamsin, kuma maganinsu ɗaya: duk sa'ad da aka ce lambar asusu ta sauya, a kira mutumin a tsohuwar lambarsa a ji daga bakinsa. Ga WhatsApp kuwa, akwai tsarin tabbatarwa na mataki biyu da ke cikinsa, kunna shi bai fi minti biyu ba.

4.5 Cutar Kwamfuta da Garkuwa da Bayanai

Shagunan buga takardu da cike fam, da manyan kantunan magani, da makarantu masu zaman kansu, su ne suka fi dogara da kwamfuta. Tun da hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta a 2015, kuma neman aiki da neman tallafin karatu suka koma intanet, irin waɗannan shaguna sun zama rumbun bayanan jama'a: hotuna, takardun makaranta, NIN, lambobin waya. Kwamfutocin kuwa galibi na hannu ne, manhajarsu kwafi ce, kuma filashin kowa yana shiga cikinsu. Kamfanin Microsoft ya daina aiko da gyaran tsaro na yau da kullum ga Windows 7 a Janairun 2020, ga Windows 10 kuma a Oktoban 2025, watau kwamfutar da ke kansu ta zama gida mai ɓarakar da ba mai toshewa.

Mafi munin cututtukan kwamfuta ita ce wadda take kulle duk takardun da ke ciki ta nemi kuɗin fansa kafin ta sake su. A watan Mayu na 2017 wata irinta mai suna WannaCry ta bazu a ƙasashe fiye da 150 cikin 'yan kwanaki, har asibitocin gwamnati a Ingila suka soke ganin dubban marasa lafiya. Abin takaici shi ne tun watan Maris na shekarar Microsoft ya fitar da maganin ɓarakar da ta bi ta shiga, waɗanda ta kama su ne waɗanda ba su sabunta na'urarsu ba.

4.6 Yankewar Sabis

Ma'auni na uku, watau samuwa, mutanen wannan yanki sun san shi fiye da kowa a Nijeriya. A tsakiyar Agustan 2021 'yan bindiga suka kai hari kwalejin Bakura suka sace ɗalibai da ma'aikata. Ranar 1 ga Satumba kuma aka sace ɗalibai 73 a makarantar sakandare ta Kaya, cikin Ƙaramar Hukumar Maradun. Gwamnatin Bello Matawalle ta riga ta rufe kasuwannin mako-mako, sai kuma ranar 3 ga Satumba Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta umurci kamfanoni su yanke sabis a jihar baki ɗaya. Mako biyu aka ce da farko, amma Gusau ba ta sami nata ba sai farkon Oktoba, sauran ƙananan hukumomi kuwa sai wajen ƙarshen Nuwamba aka ba da sanarwar maido musu.

Ba hurumin wannan maƙala ba ne ta auna amfanin matakin ta fuskar tsaro. Darasinsa ga ɗan kasuwa dai a fili yake. Na'urar POS ta zama dutse, mai kuɗi a banki ya zama kamar marar ko sisi, wanda duk lissafinsa da lambobin abokan cinikinsa suke cikin intanet ya rasa hanyar kai wa gare su, wasu sai da suka yi tafiya zuwa maƙwabtan jihohi kafin su yi kira ɗaya. Ba ɗan kutse ba ne ya yi wannan, amma sakamakon ɗaya ne da na babban kutse. Saboda haka tsarin tsaron da bai tanadi ranar da sabis zai ɗauke ba bai cika ba. Littafin takarda na bashi da na lambobi, da ɗan abin da za a juya na tsabar kuɗi, suna cikin kayan tsaro.

5.0 Masu Gyara da Taimako

Babban kamfani yana da sashe guda na ma'aikata masu kula da kwamfutocinsa dare da rana. Ɗan kasuwar Bakura ko Maradun kuwa sashensa shi ne mai gyaran waya na bakin kasuwa, ko mai POS da ya saba da shi, ko ɗansa da ke karatu a kwaleji. Su suke buɗe masa asusu, su sa masa manhaja, sau da yawa ma su suke zaɓa masa lambar sirri. Taimakonsu yana da yawa, in ba don su ba da mutane da dama ba su ci kasuwa a 2023 ba. Sai dai wanda ya san lambar sirrin mutum ya riƙe mabuɗin rumbunsa, ko da bai yi niyyar cuta ba, domin shi ma ana iya sace tasa wayar ko a yaudare shi. Saboda haka akwai bukatar wasu ƙa'idoji tsakanin mai dukiya da mai taimakonsa.

Na farko, mai dukiya ya danna lambar sirrinsa da hannunsa, a wurin mai POS ko a wurin mai gyara, kuma kada ta zama shekarar haihuwa ko ƙarshen lambar waya. In dole ta sa wani ya sani, a sauya ta da zarar aikin ya ƙare, haka kuma ranar da yaron shago ya bar aiki. Na biyu, a cire layi da katin ajiya kafin a bar waya wurin gyara. Na uku, a raba wayar kasuwanci da wayar kallo da wasan yara, a kuma raba asusun da ake karɓar ciniki da wanda jari yake kwance a ciki, ta yadda in ɓarna ta auku ba za ta cinye duka ba. Na huɗu, muhimman bayanai su zama kwafi uku, a kan abubuwa iri biyu, ɗaya daga ciki a wajen shago, sa'an nan a riƙa gwada buɗe kwafin lokaci-lokaci, domin ajiyar da ba a taɓa dubawa ba tana iya zama rumbun da gara ta cinye. Na biyar, a kula da jikin na'urar: ƙurar hunturu, da zafin bazara, da wutar da take zuwa da ƙarfi bayan ta daɗe ba ta zo ba, suna kashe kwamfuta da abin da ke cikinta kamar yadda cuta take yi.

Ɗan tireda ɗaya ba zai iya ɗaukar ƙwararre aiki ba, amma 'yan kasuwa sun daɗe da sanin maganin irin wannan. Yadda 'yan layi ɗaya suke haɗa kuɗi su biya mai gadin dare, haka ƙungiyar 'yan shinkafa ko ta masu POS za ta iya ɗaukar mutum ɗaya wanda aka san asalinsa, a rubuta yarjejeniya da shi a gaban shugabanni, ya riƙa zagayawa yana duba wayoyi da kwamfutoci, ya kuma zama wanda za a fara kira in abu ya faru. Manyan makarantun Talata Mafara suna yaye matasan da za su iya wannan aiki. Ta haka za a maido da matsayin fatoma cikin sabuwar kasuwa, watau mutumin da aka sani, wanda zai tsaya wa baƙon al'amari.

6.0 Matsalar Harshe

Saƙon da banki yake aikowa da lambar tabbatarwa yakan zo da gargaɗi cewa kada a faɗa wa kowa. Da Turanci gargaɗin yake. Ɗan kasuwar da ya yi karatun allo, yana rubuta lissafinsa da ajami, yana ƙirga miliyoyi da ka, lambobin kawai zai gane a cikin saƙon. Shi kuwa ɗan damfara da Hausa yake yi masa magana. Ashe ke nan mai tsaro yana magana da harshen da ba a ji, ɓarawo yana magana da wanda ake ji.

Matsala ta biyu ta kalmomi ce. A bakin jama'a kusan kome “lamba” ne, alhali lambobin nan ba hukuncinsu ɗaya ba. Lambar asusu guda 10 ce, ita ce kamar adireshin shago, ana ba duk mai son biya. BVN da NIN kowace guda 11 ce, shaida ce ta mutum, a cikin banki ko ofishin hukuma ake ba da su. Doguwar lambar gaban kati, da guda 3 da ke bayansa, da guda 4 da ake dannawa, da wadda take shigowa waya ta mutu bayan 'yan mintoci, waɗannan mabuɗai ne, ba a ba kowa. Muddin kalma ɗaya ce take ɗauke da adireshi da shaida da mabuɗi, ɗan damfara zai ci gaba da fakewa a tsakaninsu. Ana iya cewa “lambar karɓa” ga ta farko, “lambar shaida” ga ta biyu, “lambar sirri” ga guda huɗun nan, “mabuɗin take” ga mai shigowa waya, domin wanda aka ce ya karanto mabuɗi zai yi tunani sau biyu. Shawara ce kawai, jama'a su ne masu karɓa ko ƙi.

Irin wannan aiki ba baƙo ba ne ga sassan Hausa na jami'o'i. Masana sun taɓa zama suka daidaita kalmomin nazarin harshe da adabi, aka buga ƙamus na keɓaɓɓun kalmomi a 1990 wanda Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace. Abin da ake bukata yanzu shi ne irin wannan zama a kan kalmomin waya da banki, a tattaro abin da 'yan kasuwa suke faɗi da bakinsu, a tace, a miƙa wa bankuna da gidajen rediyo da limamai da sarakunan kasuwa, da boko da ajami.

7.0 Doka da Inda Ake Kai Kuka

Jama'a sun saba kiran ɗan damfara “419”, lambar sashen da ya yi magana a kan zamba ce a dokar laifuffuka da ake aiki da ita a kudancin Nijeriya. Dokar da ta fuskanci laifuffukan intanet kai tsaye ita ce ta tarayya ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024. A Yunin 2023 kuma aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a, wadda ta ɗora wa masu tattara bayanan mutane alhakin tsare su, abin da ya kamata masu shagunan cike fam su sani. Wanda aka cuta, bankinsa zai fara sanarwa, nan take, domin a rufe asusun a kuma bi sawun kuɗin kafin a rarraba su. In banki bai share masa hawaye ba, akwai sashen kare haƙƙin abokan hulɗa a Babban Banki. Ƙorafin da ya shafi layi ana kai shi NCC ta lamba 622, kyauta. Hukumar EFCC kuma tana da ofishin shiyya a Sakkwato. Babban abin da yake hana mutane kai kuka shi ne kunya, kada a ce Alhaji wane an yi masa wayo. Wannan shiru kuwa shi yake ba ɗan damfara damar cin maƙwabcin rumfa da dabarar da ya ci na farko.

8.0 Kammalawa

An ga yadda kuɗin ciniki a Talata Mafara da Bakura da Maradun ya koma cikin waya a ƙasa da shekara ashirin da biyar, da yadda barazana take taɓa sirri da sahihanci da samuwar bayanai. An kuma ga cewa in aka ɗebe yankewar sabis, kusan kowace ɓarna sai da mai dukiya ya buɗe ƙofa, ko dai don ya yarda da muryar da bai ga mai ita ba, ko don gargaɗin ya zo masa da harshen da ba ya ji. Rigakafin da aka lissafa a sama ba ya bukatar kuɗi mai yawa, bayani yake bukata da Hausar da mai rumfa zai gane. Aikin da ke gaban ɗaliban wannan sashe shi ne su shiga kasuwar Talata da takarda da alƙalami, su rubuto kalmomin da ake amfani da su, da irin maganganun da 'yan damfara suke yaudara da su, domin a sami abin da za a gina darussan wayar da kai a kansa.